Ɗaya Mai Hula, Bakwai Mai Ɗamara

Gaya, Laraba 16 ga Yuli

Zuwa ga maiɗakina Ikilima,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu Bibata mai jego da tagwayenta da mutan gidan duka. Yaya gajiyar suna, yaya ruwa a Karakara? Mu nan lafiya lau, sai kewar tuwonki, don na mai abincin tasha ya fi kusa da sabulu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na san gidan surukan Bibata. In na aiko da saƙon murya ta waya, a tsakar gida za a buɗe shi, har awaki su ji. Mutari direba da zai kawo miki ita kuwa bai iya karatu ba, shi ya sa na fi yarda da shi a kan kowa a tashar nan.

Bari in fara da yabon yayanki Habibu, Mushe kamar yadda muke kiran malamin boko, don ya cancanta. Allah ya yi wa gidanku baiwa. Sauran malaman lakwal, makarantar boko, in sun ajiye alli, wani ya sayi tumaki, wani ya samu benci a ƙofar masallaci yana gyara wa duniya zama. Shi kuwa ya zaɓi aikin da ya fi waɗannan daraja, wato tayar da matacce. Shekara biyu ke nan yana durƙushe gaban motar mahaifinku Baba Hamani, a-kori-kura kat-san-kat bashen nan da ta shekara goma sha biyu a bayan gidanmu tana yi wa kaji inuwa. Kowane noti sai ya wanke shi da gazuwal, wato man dizal, da buroshin haƙori, ya jera su kan tabarma sahu-sahu kamar ƴan aji, ya rubuta sunan kowanne a kaye, littafin rubutunsa na ƴan makaranta. Sau uku yana shiga kwalekwale zuwa Malanbil, tunda gada a rufe take, don neman marikin ƙofa guda ɗaya. Na farko wai ba na shekararta ba ne, na biyu wai ya cika ƙyalli. Ni da na yi shekara talatin ina dillancin kayan mota a kasuwar Gaya, ban taɓa sanin marikin ƙofa yana da shekarar haihuwa ba sai a bakinsa.

Na tambaye shi ko haya za ta yi in ta tashi, ko dakon shinkafa. Ya dube ni irin kallon da yake mini ina ɗan shekara goma a ajinsa, in na ce biyar sau shida talatin da biyar. Ya ce ba za ta ɗauki ko buhu ɗaya ba, muryarta kawai yake so ya sake ji. Kin ji dukiyar masu ilimi.

Gaskiya jiki ya yi kyau. Ya kankare tsatsa, ya shafa fenti na ƙasa mai ruwan toka, ya ɗinka sabon tanti a baya, fitilu har suna ƙifta ido. Duk wannan ina taya shi murna da zuciya ɗaya. To amma shekaranjiya ya ɗaga murfin gaba, ya tsaya hannu a ƙugu, ya ce yanzu aka zo wurin aiki. Ya ce duk abin da ya yi a shekara biyun nan tufafi ne, injin shi ne Baba. Shi ya kai shi Dosso karatu, shi ya kawo kayan ɗakinki gidan nan, shi Baba yake yi wa magana da safe kafin ya yi wa kowa.

Ikilima, zauna kafin ki karanta abin da ke tafe. Injin da ke cikin motar nan ba na Baba ba ne.

Kin tuna daminar da ta biyo bayan rasuwarsa, da azarar ɗakinki ta karye rufin ƙasa ya rufto, kina da cikin auta? Kin tuna na ce miki wani abokin ciniki ya taimake ni da kwanon rufi? Abokin cinikin Hama ne mai injin casar shinkafa a Bengu. Yana da kwano, ba shi da inji mai shan gazuwal. Ni ina da inji a bayan gida, ba ni da rufi. Ranar da duk kuka tafi biki Tanda aka ciro shi, aka dasa wani mataccen irinsa da na samo a bolar ƙarfe ta Kamba. Na ce wa kaina mota ta kwanta, mai ita ya kwanta, wa zai sake ɗaga murfin nan? Ban sa Mushe a lissafi ba, yana can Tawa yana koyarwa a lokacin.

Ban manta ba cewa Baba ya riƙe hannuna a kan gadonsa ya ce in kula masa da ita har Habibu ya dawo gida. Ba sai kin tuna mini ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne akwatin ƙarfen nan na Baba. Mushe ya buɗe shi jiya. A ciki akwai kart giris ta rajista da takardar sayen motar, ta yi ja don tsufa, kuma lambar injin tana rubuce a jikinta. Ya ce da zarar ya wanke injin zai gwada lambar takarda da ta jikin ƙarfe, ya sa mata alama a kaye kamar sauran. Yanzu dai dattin mai da gidan zanzaro ne suka rufe wurin. Ban taɓa ƙaunar zanzaro irin na makon nan ba.

Ki ba ni shawara, amma mai sauƙi. Ki shafa mini kan tagwaye. Ki ƙona takardar nan.

Naki har kullum,
Cha'ibu

Gaya, Alhamis 24 ga Yuli

Zuwa ga Ikilima,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin Bibata yana ƙara ƙarfi, ke ma ba ki cika wahalar da bayanki wajen dafa ruwan wanka ba. A gaida surukai.

Amsarki ta iso. Layi uku, ko gaisuwa babu. Kin ce in je in faɗa wa Yaya da bakina, in ba haka ba ba za ki sake kwana ƙarƙashin kwanon nan ba. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, ba ta canza ba. Ina so ki lura dai, shekara goma sha ɗaya kina kwana ƙarƙashinsa, ko ɗigo bai taɓa sauka a kan gadonki ba. Ba gori nake miki ba, tuni ne.

Kada ki ce ban motsa ba. Ran Lahadi na hau babur na tafi Bengu da niyyar in dawo da abin mutane wurinsa. Tun daga bakin gari na ji shi. Ikilima, muryar nan ce, mai ɗan tari a ƙarshen kowane numfashi, wadda in muka ji ta a kwanar gida muke cewa Baba ya dawo. Yana nan kan dakalin siminti, baƙi ƙirin, yana jan bel kamar saurayi. Na isa bakin rumfa na yi sallama.

Kin san Hama. Ƙarar inji ta cinye masa kunne, ba ya magana sai da ihu, kuma yana zaton kowa haka yake. Na ja shi gefe na raɗa masa buƙatata, shi kuwa ya amsa mini yadda mata goma da ke layi da kwanonin shinkafa suka juyo. Ya ce wai dillali ya zo warware ciniki bayan shekara goma sha ɗaya, ko a kasuwar aljanu ba a yin haka. Ya ce in ina so, sharaɗi biyu ne. In kawo masa inji irinsa mai rai, a dasa a gabansa ya ga yana juyawa. Sannan in mayar masa da kwanonsa, tunda in za a warware musaya, duka ake warwarewa, ba rabi ba. Na ce masa damina ce fa. Ya ce ai shi ma rumfarsa tana yoyo. Na dawo ina zagin kaina a hanya, don ban samo inji ba, na kuma bar labari a bakin mata goma.

To amma Allah ba ya rufe ƙofa duka. Ran Talata Mushe ya sa sarƙar ɗaga inji a reshen dogon yaro, muka ciro shi. Ya gwada juya shi, ya ƙi ko motsi, fistan sun manne. Ya ɗora laifin a kan shekarun da ya yi a kwance, har yana ba shi haƙuri. Ya ce dole a kai shi wurin masu injin gyaran ramin fistan, kuma mafi kusa suna Kamba. Shi ga ciwon baya, ga shi ba ya jure tambayoyin bakin iyaka, duk jami'in da ya tare shi sai Mushe ya gyara masa faransanci ko ya koya masa ladabi. Sai na ce Mushe, wannan ai aikina ne, hanyar Kamba ko ido rufe na san ta. Ya ɗauko buroshi zai wanke shi tukuna, na ce kada ya wahala, can da ruwan zafi suke wankewa. Ya yi mini godiya har ya dafa kafaɗata. Wurin da ya dafa yana mini nauyi har yanzu.

Na ce ya ba ni takardar saye in duba, ko za a tambaye ni lamba a hanya. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na kwafe lambar a bayan kwalin sukari, a tsanake, da rubutuna mafi kyau: 4117015.

Akwai wani Sule a Kamba, bayan masu walda, mai buga lamba a jikin faranti da makullai da kekunan ɗinki. Hannunsa yana da tsabta, bakinsa kuma a rufe. Zai goge tsohuwar lambar, ya buga ta Baba a gurbinta. In an gama, takarda za ta ce injin Baba ne, ƙarfe zai ce injin Baba ne, Mushe zai sa alamarsa a kaye ya yi barci da daɗi. Wa aka cuta? Ba ƙarya zan yi ba, Ikilima, ɗan gyara zan yi wa gaskiya don ta shiga wurinta. In na faɗa masa yanzu, na kashe wa dattijo aikin shekara biyu, na kuma zama abin nuni a gidanku har jikokina. Ke kanki za ki so a riƙa ce miki matar wanda ya ci amanar Baba?

Na san abin da za ki ce. Ki bari sai na dawo ki faɗa.

Mijinki,
Cha'ibu

Gaya, Juma'a 1 ga Agusta

Zuwa ga maiɗakina,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da ƴan biyu. Mutari ya zo hannu wofi, ya ce kin karɓi takardata kin sa a ƙarƙashin tabarma ba ki ce komai ba. To, shirun ma na karɓa.

Aiki ya kammala. Na bar injin kwana uku a Kamba, na ba Sule kwalin sukarin na ce in ya gama ya jefa shi a wutar maƙera, kada a bar shaida. Shekaranjiya na koma na tarar an gyara ramuka, an wanke shi fes, an shafe shi da mai. Hadari ya taso daga gabas, mai motar da zai ɗauko mu yana ta danna oda, na ɗaga buhun da aka rufe shi na leƙa. Lambobi na nan reras, an shafa musu ɗan toka da baƙin mai har sun yi kamar sun girme ni. Na ga bakwai-bakwai sun yi yawa, na ce lallai Baba ya iya zaɓen inji mai albarka. Ba ni da kwalin da zan gwada, tunda ni na ce a ƙone shi. Muka ɗaure muka taho, ko a bakin iyaka ba wanda ya ɗaga buhun.

Mushe ya tarbe mu a ƙofar gida da sabuwar tabarma, kamar an kawo amarya. Ya zagaya shi, ya leƙa ramukan, ya yaba aikin mutanen Kamba. Sannan ya sa tabarau, ya ɗauko kaye da takardar saye, ya durƙusa. Ya bi lambar da ɗan yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ya dubi takarda. Ya sake bin ta daga ƙarshe zuwa farko. Ina tsaye a bayansa ina ba shi labarin tsadar albasa a Kamba, ban san ma me nake faɗa ba. Ya daɗe a haka. Daga nan ya rufe kayen, ya ce to. Bai sa alama ba. Na duba da kyau, alƙalamin yana aljihunsa bai fito ba.

Wataƙila ba komai. Wataƙila gwiwarsa ce ta gaji. Amma tun ranar ya daina ce mini Cha'ibu. Da safe in ya shigo sai ya ce Cha'ibu Maigari, suna da sunan uba, yadda yake kiran rajista a aji, har na kusa amsawa da faransanci. Jiya kuma ya tambaye ni inda ake sayar da alli a kasuwa, fari da ja. Mutumin da ya rantse ya gama da alli har abada.

Ba na jin daɗin abinci. In kin san wani abu game da yayanki da ban sani ba, ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Naki,
Cha'ibu

Gaya, Alhamis 14 ga Agusta

Zuwa ga Ikilima, uwar ƴaƴana,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Bibata da jikokina. Na lissafa, jibi Asabar arba'in ke cika. Allah ya raya su, ya sa su yi hankalin kakarsu, ba wayon kakansu ba.

Kwana goma sha biyu Mushe bai ce mini uffan a kan lamba ba. Yana ta haɗa injin, ni ina miƙa masa sifana, muna hirar ruwan kogi da ya ƙaru. Na gwammace ya zage ni. Na taɓa zama gaban jami'an duwan, wato kwastan, da kaya marasa takarda ina shan shayi hankali kwance, amma kwanakin nan in ya ce miƙo mini lamba goma sha bakwai sai sifanar ta faɗi daga hannuna.

Ran Talata bayan la'asar aka mayar da injin cikin mota. Ya zuba gazuwal, ya yi bisimilla, ya murɗa. Na farko tari, na biyu hayaƙi, na uku ta kama. Maƙwabta suka cika bayan gida, mata na guɗa, kaji suka watse. Shi kuwa yana tsaye ya karkata kai, ido rufe, kamar mai sauraron hadda. Can sai ya kashe. Ya ce inji ne mai kyau, mai biyayya, amma shi bai san wannan murya ba.

Da mutane suka watse ya ce in tsaya. Ya ciro farin alli ya miƙo mini, ya nuna ƙofar direba, ya ce za mu yi dikte, shi ya faɗa ni in rubuta. Ni da furfurata, Ikilima. Na buɗe baki na ce Mushe akwai wata magana. Ya ɗaga yatsa ya ce ba a magana lokacin dikte. Ya riƙe takardar saye nesa da ido yana karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, ni ina rubutawa a jikin ƙofa. Na rubuta 4117015. Ya ce madalla, ba kuskure. Sannan ya ɗaga murfi ya haska tocila, ya ce in karanta ta jikin ƙarfe in rubuta a ƙasan waccan. Na sunkuya na karanta. 477075.

Na ƙirga, shida ne maimakon bakwai. Na sake ƙirgawa. Sai a lokacin na gane abin da ya faru, kuma da ƙasa za ta tsage da na yi mata godiya.

Ke kin yi lakwal, kin san yadda aka koya mana. Ɗayarmu tana da hula, ana jan ta daga ƙasa a hau sama a sauko. Bakwai kuma ana ɗaura mata ɗamara a tsakiya don kada a rikita su. To Sule makarantar Najeriya ya yi. A wurinsu ɗaya sanda ce tsaye ba hula, bakwai kuma ba ta da ɗamara. Ya ga ɗayoyina uku da hulunansu, ya ce bakwai ne, ya buga bakwai uku. Ya zo kan bakwai ta gaskiya ya ga an ja mata layi a ciki, ya ce ai wannan soke ta aka yi, ya tsallake ta. Mutumin kirki, abin da ya gani ya buga. Shekara talatin ina cin abinci tsakanin ƙasa uku, na san canjin kuɗinsu, na san zaginsu, na san wanda ake gaisarwa da wanda ake kauce wa, ban taɓa lura ɗayarmu ba ɗayarsu ba ce.

Mushe ya karɓi allin, ya ciro ja. Ya zagaye ɗayoyina uku, ya ja layi ƙarƙashin bakwai. Ya ce a shekara talatin da biyar na koyarwa ya ga ɗaya iri-iri, amma ɗalibi guda ne hular ɗayarsa take sauka har kafaɗa, kuma ya sha bugun yatsunsa a kan haka bai ji ba. Ya ce da an bar ƙarfen da tsohuwar lambarsa, da sai ya ce ko Baba ne ya taɓa canza inji bai faɗa wa kowa ba, ya haƙura. Amma lambar da ta yi ƙoƙarin zama ta Baba ta kasa, wannan hannun mutum ne. Kin ji, Ikilima. Da na zauna ban yi komai ba, da na tsira. Wayona ne ya je har Kamba ya sayo mini shaida.

Na ce Mushe, bari in yi bayani. Ya ce a ajinsa ɗalibi ba ya bayanin kuskure, gyarawa yake yi. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci Baba ba, bai ce amana ba. Da ya faɗi kalmar da na samu abin riƙewa in yi kuka ko in yi gardama. Ya dai kakkaɓe hannunsa, ya ce kada kowa ya goge ƙofar.

Ba a goge ba. Jiya ya zagaya gari da ita a hankali, daga tasha zuwa bakin kogi zuwa kasuwa, rubutuna a ƙofa da jan alli a kai. In hadari ya taso sai ya rufe wurin da buhu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin wani tsohon ɗalibinsa ne, yana jiran gyara. Abokan dillancina sun fara tsayawa suna karantawa. Akwai waɗanda suka san rubutuna.

Da yamma ya ce mini, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, wai makon jiya ya je Bengu casar shinkafa. Mutumin da ko kwano ɗaya bai noma ba. Ya ce ya zauna a rumfar Hama awa guda yana saurare, sun kuma yi hira mai tsawo, ko da yake rabin garin ya ji ta. Ban san wa ya nuna masa hanyar Bengu ba. Ko matan layi ne, ko kuwa Mutari takarda biyu yake ɗaukowa daga Karakara. Ba tuhumarki nake ba. In ke ce, kin yi abin da na kasa.

Ga yadda ya tsara. Jibi da sassafe za mu taho ɗaukar ki a motar Baba, shi a tuƙi, ni a gefe. Ya ce za mu ɗan tsaya a Bengu tunda kan hanya take, kada ki sa ran ganinmu kafin magariba. Na ga ya ɗora sarƙar ɗaga inji a baya, da igiyoyi da tsofaffin tayoyi biyu da akwatin sifanu gaba ɗaya. Injin da ya kwashe kwanaki yana haɗawa da hannunsa, shi zai bar wa Hama, ban ji ya yi ko tsaki ba.

Ikilima, ba Mushe nake tsoro ba yanzu, ba kuma bakin ƴan kasuwa ba. In aka dasa injin nan aka murɗa, muryar Baba za ta fito, ina zaune a kujerar da yake zaunar da ni in ya ɗauko ni daga kasuwa, tun kafin ya ba ni ke. Daga Bengu zuwa Karakara tafiya ce mai tsawo a cikin wannan murya. Ban san inda zan sa idona ba. In mun iso, ki fito ko da ba za ki yi mini magana ba. Kin ce in faɗa masa da bakina, na gwada sau biyu ya hana ni, ki lissafa mini wannan a cikin abin da na yi.

A gaida kowa da kowa. Ki yafe mini abin da za ki iya, sauran ki ajiye sai mun haɗu.

Mijinki, mai kuskure huɗu a layi ɗaya,
Cha'ibu Maigari

Na riga na liƙe takardar na sake buɗewa. Yanzun nan Mushe ya shigo da tsani a kafaɗa da ƙarfen cire ƙusa, ya jingina su a bangon ɗakinki. Ya tsaya yana ƙirga kwanon da ɗan yatsa, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa, ya ce in shirya gobe bayan sallar Juma'a, ya fita. Ke da kika san yayanki tun kina goye, mutumin da zai je ɗauko ƙanwarsa da jakarta guda ɗaya, me zai yi da tsani?